Motar da Ba Ta Komawa Baya

A gaida Injiniya-Janar, uban ƙere-ƙere, wanda ya kafa kamfanin mota a tsohon ɗakin kajin yayansa, ya kuma rufe shi bayan wata bakwai cike da nasara. Muƙamin nan shi ya naɗa wa kansa. A da gyaran fanka yake yi, amma ba a tayar da zancen a gabansa.

Mota uku kamfanin ya ƙera, biyu har yau suna jiran taya. Ta ukun, Tauraruwa, tana da kujera biyu, ƙofa ɗaya, da injin babur. Tsohon makanikin da ya haɗa ta ya gaya masa cewa injin babur ba shi da ribas. Injiniya-Janar bai taɓa sanin haka ba. To, babban mutum ba ya cewa bai sani ba, sai ya gyara zaman tabarau ya ce da gangan ne.

"Baba, ribas na masu shakka ne. Duk wanda ya shiga motata ya san inda za shi."

Ranar gwaji ciyaman ɗin direbobin haya ya zo, ƙato mai tumbi. In motar ta yi masa, ƙungiya za ta ɗauki ashirin. In ba ta yi ba, yayan ya rantse kaji za su koma ɗakinsu. Makanikin ya ja ogansa gefe ya roƙe shi ya zagaya filin ƙwallo kawai ya dawo.

Da ya ji, da an wuce wurin. Sai dai akwai surukarsa, wadda shekara tara ke nan tana kiransa mai fanka. Don idonta aka kafa kamfanin, ko da yake shi kansa cewa yake don ci gaban al'umma ne. Gidanta kuwa yana ƙarshen wani siririn lungu da ba ya ɓullewa.

Tauraruwa ta kutsa lungun tana tari, ɗauke da shi da ciyaman, ta tsaya cak a ƙofar gidan. Injiniya-Janar ya danna hon sau bakwai. Surukar ta leƙo da tsintsiya a hannu.

Ciyaman ya yaba, ya ce to a koma. Injiniya-Janar ya fara jawabi kan makomar sufuri. Ciyaman ya ce a buɗe masa ya sauka. Ƙofar ta buɗu faɗin yatsa huɗu, ta daki bango.

Matan lungun ne suka kwance igiyar shanya, suka ɗaura a bayan motar, suka ja manyan biyu har bakin titi suna dariya. Ciyaman ya fito sharkaf da gumi, ya tare babur, ko sallama babu.

Surukar ta karkaɗe hannunta, ta dubi mai kamfani da tausayi.

"Sannu da ƙoƙari, mai fanka. In ka huta ka shigo, ta ɗakina ta daina juyawa."