Kwal a Bayan Gidan Surukai

"Ni Injiniya Tajuddeen, in na ɗora harshena kan dutse, sai in faɗa maka abin da ke kwance har ƙasa ta bakwai!"

Haka yake faɗi a kowace rumfar shayi ta Gusau. Kada hular kwanon nan ta ruɗe ka, ɗana. Injiniyancinsa duka damina guda ce ya yi a Kogi, yana dafa wa masu binciken kwal taliya. Can ya ga suna kafa bututu a ƙasa, su zaro dutse hawa-hawa, su jera, su rubuta launinsa, wani lokaci su ɗan lasa don su bambance yashi da laka. A duk aikin, lasar kaɗai ta zauna masa a ka.

Matarsa Shafa'atu kuwa tana gidan ubanta a Furfuri. Uban, Malam Attahiru, ya rantse ba za ta koma ba sai malalacin ya samu aikin yi. Ni ma da ɗiyata ce, haka zan yi.

Ranar da surukan suka tafi bikin suna a Tsafe, sai ga Taju Sarkin Lasa a gidansu da guduma a kugu. Ya zaga kangon bayan gida, ya ga wani wuri da ƙasa ta ɗan lotsa, kabewa ta yi yabanya kamar hauka. Ya buga ƙafa.

"Kwal! Na rantse da hular nan, kwal ne a nan!"

Lawali maƙwabci ya leƙo, ya dubi wurin, ya dubi Taju, ya haɗiye dariya.

"Injiniya, wanga wuri dai? To Allah shi ba da sa'a. Bari in kira mutane."

Ya fara da aron bututun ban ruwa, ya kafa, ya hau duka. Bututu ya lanƙwashe, guduma ta sauka kan babban yatsansa. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana cewa haka ake gwada taurin ƙasa. Ya koma ga diga, ya tumɓuke kabewar surukarsa kakaf. Abin jera samfuri babu, sai ya sa aka miƙo masa fayafayan surukar tasa, Inna Ladidi, daga kan danga.

Kafin azahar ya kira Madam Godiya a waya, wata mai gwajin ƙasa da duwatsu a Gusau, wadda yake ta naci ta ɗauke shi aiki. Ta iso bisa babur, ta tarar da rabin unguwa a tsaye, kowa ya rufe baki da hannu. Shafa'atu na leƙe ta saman katanga.

"Madam, ki rubuta!" Ya dangwali faifan farko ya lasa. "Hawa na sama, jar ƙasa, garas-garas." Ya lasa na biyu. "Wannan fari ne, yana da kaifi a harshe. Farin dutse ke nan."

"Malam Taju, wannan ai toka ce," in ji Godiya.

"Tokar zamanin da! Ita ke rufe kwal."

Ya dire cikin ramin, ya ɗebo wata baƙar ƙasa mai maiƙo, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Dakata," in ji Godiya. Ta sa tsinke ta tona, ta fito da ƙwallon magarya da guntun bakin buta. "Mu ma mukan lasa, amma sai mun duba tukuna. Wannan kam kada ka..."

"Madam, ba Injiniya wuri!" in ji Lawali. "Harshe nai ba ya ƙarya."

Gogan naka ya cika baki da ita. Ya lumshe ido, ya tauna, ya juya ta hagu ya juya ta dama.

"Gishiri-gishiri, da ɗan tsami daga baya. Jama'a, ko a Kogi ban ɗanɗani irin wannan ba. Lamba ɗaya!"

Daidai nan Inna Ladidi ta sauko daga mota, Malam Attahiru na biye. Ta ga kabewarta a ƙasa, ta ga fayafayanta, ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! Wane la'ananne ya tone tsohuwar salgarmu da muka cike da toka?"

Dariyar da aka danne tun safe ta fashe. Lawali har birgima. Godiya ta hau babur ko sallama babu, aikin da yake nema ya bi ta. Taju na cikin rami, kumatu cike, ya rasa ko ya tofar ko ya haɗiye.

Malam Attahiru ya ɗaga sanda. Shafa'atu ta yi magana daga saman katanga.

"Baba, ƙyale shi. Tun da ya aure ni bai taɓa yaba girkina ba. Yau ya ci na gidanmu ya ce lamba ɗaya ne. Ni dai ba ni komawa, amma a bar shi ya ƙoshi."