Ranar da Na Rage wa Linki Tsawo

Shekara ashirin ina ɗinki a unguwar Boutalbagar, ban taɓa barin zare yana reto a bakin wando ba. Wannan hali ne ya kai ni ya baro.

Wata mai shago a birnin Douala ta aiko imel tana son ganin hotunan rigunana. Ƙanwata Hadiza, mai aikin ofis, ta ɗora su a intanet, ta turo mini linkin da zan aika wa matar. Layi huɗu cur, haruffa da lambobi a cakuɗe kamar tonon kaza!

Na taɓa jin ana gajarta linki, sai na ce yo ai rage tsawo sana'ata ce. Na goge layi uku da rabi, na bar rabin layi tsaf-tsaf, na aika. Har maƙwabcina Malam Abakar na kira ya zo ya ga tsabtar aiki.

Kwana uku matar tana rubutowa cewa abin ba ya buɗewa. Ni kuwa ina ba ta haƙuri, ina ɗora laifin a kan intanet ɗin Douala.

Da Hadiza ta gani, sai da dariya ta zaunar da ita a ƙasa. "Yaya, akwai shafin da ke gajarta shi fa! Ba almakashi ake sa masa ba."

Nan take ta gyara. Matar ta ga rigunan, ta ce a ɗinka mata goma sha biyu.

Kalas, shi ke nan, aiki ya samu. Amma har yau, in Malam Abakar zai karanta saƙo a wayarsa, sai ya juya mini baya ya ce, "Matsa can, tela, kada ka rage masa tsawo."