Ciwon Bana da na Baɗi

Dakta Rumasa'u ce ta ba mu labarin nan da bakinta, wata Asabar muna zaune a tsakar gidansu muna tsinkar zogale, kuma har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

Ita dai likita ce a wani asibiti, ɓangaren mata da yara. Shekara shida tana lura da abu ɗaya. Matar da ta gani ranar Litinin a layin masu hawan jini, ita za ta sake gani ranar Laraba a layin masu ciwon suga, ranar Alhamis kuma ga ta a layin masu asma, riƙe da hannun yaro shi ma da nasa. Kowane layi da katinsa, da likitansa, da littafin sunayensa. A takarda mata uku ne. A gida kuwa mace ɗaya ce, da tukunya ɗaya a kan wuta. Ba wanda ya san yawan irinsu, balle a san ko maganin Litinin yana faɗa da na Laraba a cikinta.

Sai Dakta ta zauna ta rubuta takardar neman tallafi. Burinta ta yi bincike, ta gano mata nawa da yara nawa ke ɗauke da ciwo fiye da ɗaya mai daɗewa, da yadda za a riƙa auna nauyinsu a haɗe, ko a samu hujjar da za a ba su kati ɗaya da rana ɗaya. Ta kai wa wata gidauniya mai ba da kuɗin bincike.

To, fom ɗin gidauniyar gurbi ɗaya gare shi, an rubuta a kai: sunan cutar da za a bincika. Karon farko ta matse rubutu ta cusa uku a ciki, aka dawo mata da shi wai ta wuce layi. Karo na biyu ta rubuta "cututtuka da dama", aka dawo da shi wai an duba jerin kwamfuta kaf, babu cuta mai wannan suna. Ta je teburin masu hawan jini a ofishin gidauniyar, suka ce ai akwai suga a ciki, ta je teburin suga. Masu suga suka ce ai akwai yara a ciki, ta hau sama. Na sama suka ce su yara suke yi, ta cire iyayen ta dawo.

Da aka ce ranar ƙarshe ta zo ta kare takardarta gaban kwamiti, in ba haka ba sai baɗi, sai ta ce ita kam ta gaji da Turanci, mutum za ta kai musu. Ta roƙi wata mai zuwa wurinta, sunanta Yalwa, ta raka ta.

Yalwa tana da hawan jini, da suga, da asma. 'Yarta Nusaiba, mai shekara bakwai, tana da amosanin jini, ita ma da asma. Kati biyar ke nan a gida ɗaya. Da yake Yalwa ba ta karatun boko, mijinta Malam Hashimu, tela ne, ya ɗinka mata 'yar jaka mai aljihu biyar, kowane aljihu da kalar zarensa: ja na Litinin, kore na Laraba, haka dai. A can ciki, inda ba mai gani, ya ɗinka wani ɗan fure, bai taɓa ce mata komai a kai ba, ita ma ba ta taɓa ce masa ta gani ba. Shi ya kawo su a babur ranar, ya zauna a gindin bishiya riƙe da kular abincinta, don mai suga ba ta wasa da lokacin cin abinci.

Suka shiga. Ɗaki ya yi sanyi ƙalau, nan da nan Yalwa ta fara tari. Shugaban kwamiti wani Farfesa ne mai ƙatuwar riga, da mutum biyu a gefensa suna shan shayi. A bango, daidai saman hularsa, an manna ƙaton allo mai hoton mace tana murmushi, an rubuta: Lafiyar Uwa Gaba Ɗayanta.

Farfesa ya juya takardar ya ce, "Dakta, aikinki ya yi kyau, wallahi na karanta shafin farko gaba ɗaya. Amma kin cika haɗama. Cuta ɗaya ake zaɓa."

Dakta ta ce, "Ranka ya daɗe, ai haɗuwar tasu ita ce abin da nake son aunawa."

"Ki auna ɗaya bayan ɗaya mana. Mu nan muna da tsari, kowace cuta da shekararta. Bara mun yi zazzaɓi, har taro muka yi a otal kwana uku. Bana suga ce. Hawan jini baɗi, in Allah ya kai mu. Asma kuwa tana cikin tsarin shekara biyar."

"To yaran fa, ranka ya daɗe?"

"Yara wani ofishi ne. Yarinya ba ta zama tamu sai ta girma."

Na gefen damansa ya gyaɗa kai ya ce, "Kuma kwamfutar ba ta karɓar biyu. Mun gwada, sai ta yi ja."

Dakta ta nuna Yalwa ta ce, "Ranka ya daɗe, ga wannan baiwar Allah. Uku gare ta, 'yarta biyu. Ranaku huɗu a mako suna asibiti, sana'ar ƙuli-ƙulin ma ta ajiye. Wanne gurbi zan sa ta?"

Farfesa ya sauke tabarau, ya dubi Yalwa kamar yanzu ya lura da mutum a wurin. Ya yi murmushin wanda ya samo dabara.

Ya ce, "Madalla da kika kawo ta. Ku likitoci ku ke rikita abu, su marasa lafiya sun san abin da ke damunsu. Bari mu tambaye ta. In ta zaɓi ɗaya, magana ta ƙare, ki je ki rubuta shi a gurbin. In ta kasa, ga birona, yanzu zan sa hannu a takardarki yadda take. Kin yarda?"

Dakta ta ce ta yarda, don ba ta da wata hanya.

Farfesa ya ɗaga murya, kamar yadda wasu ke yi in suna magana da wanda bai yi makaranta ba. "Malama, sannu da jiki. Ki saurare ni da kyau. Mu bana kuɗin ciwo ɗaya muke da shi. Cikin ciwukan nan naki, ɗaya za ki zaɓa. Wanne ne naki?"

Yalwa ta dubi Dakta, ta dubi Nusaiba, ta gyara mayafi, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, wanne ka ce shi ne na bana?"

"Suga."

"To, na zaɓi suga."

Dakta ta ce a lokacin ji ta yi kamar ta kwanta a ƙasa. Shekara shida, ga su nan sun tafi a kalma uku. Farfesa kuwa ya buga tebur ya ce, "Kin ji ko! Ai na faɗa miki, talaka ya fi ku fahimtar tsari." Ya fara mayar da biro aljihu.

Sai Yalwa ta buɗe jakarta a natse. Ta ciro katin hawan jini daga jan aljihu, ta ciro na asma, ta haɗa da biyun Nusaiba. Ta matso, ta ɗan rusuna, ta jera su huɗu a gaban Farfesa, kusa da kofin shayinsa.

Farfesa ya ce, "Wannan fa na mene ne?"

Ta ce, "Sauran ne, ranka ya daɗe. Ka riƙe mana su a jikinka, baɗi in kuɗinsu ya fito sai mu dawo mu karɓa."