Ranar Da Na Yi Wa Baba Bukar Addu'ar Mamata

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma da minti ashirin na wata safiyar Laraba ba, lokacin da aka miƙo min makirufo.

Ina aji uku a sashen zanen gine-gine a nan Maiduguri. Malaminmu ya zaɓe ni in karanta tarihin ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasa a taron ɗalibai. Murna kamar in tashi sama! Manyan baƙi za su zo, kuma a cikinsu ne ake samun ofishin da ɗalibi zai yi horon aiki. Ni kuwa har lokacin ban samu ba.

Sati uku na yi a laburare. Yadda mutane ƙalilan suka kafa ƙungiyar, yadda suka yi fafutuka har aka san wannan sana'a ce mai zaman kanta, yadda reshe ya iso jiharmu, duk na rubuta. Har na tono wani tsohon hoto marar kala na mutum biyar da suka buɗe reshen. Sau uku na duba rubutun sunayensu. (Abin da ban yi ba shi ne in tambayi mutum ko ɗaya. Kunya ba ta barina in yi sallama a ofishin kowa.)

Karatu ya tafi daidai, har tafi aka yi min. Daɗi ya kwashe ni, na ɗaga hoton sama.

"Waɗannan iyaye namu duk sun riga mu gidan gaskiya. Mu yi musu addu'a."

Na jero sunaye, na ƙare da marigayi Baba Bukar. Kowa ya ɗaga hannu, sai wani dattijo mai doguwar hula a layin gaba, ya ɗaga nasa sama da na kowa.

"Amin, 'yata!" in ji shi da ƙarfi. "Amma ni dai da keke napep na zo daga unguwar Shehuri."

Ashe Baba Bukar ne da kansa! Zauren ya fashe da dariya. Ƙawata Falmata ta zame ƙarƙashin benci tana share hawaye. Ni kuwa na tsaya da hoton a sama kamar mai talla. (Daga baya na gane gidansa layi biyu ne daga na goggona.)

A ranar na koyi cewa takarda tana gaya maka yadda ake rubuta sunan mutum, amma ba ta sanin ko ya karya kumallo da safe.

Da aka tashi na durƙusa gabansa.

"Baba, ka yafe min. Ga shi ina neman ofishin da zan yi horon aiki, amma yanzu..."

Ya karɓi hoton, ya daɗe yana kallon abokansa huɗu, har na fitar da rai.

"Ki zo ranar Litinin da biro da littafi," ya ce. "Ni kaɗai na rage da labarin waɗannan. Ki rubuta shi da sauri, kafin ki yi gaskiya."