Don Allah Kada Ku Taimake Mu Ranar Alhamis

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Asusun Farkar da Matasa Kan Harkar Zaɓe,
Hawa na Biyu, inda sanyin na'ura yake,
Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, janaretan ofis ma yana lafiya. Sunana Bilkisu Sodangi, ina koyar da ɗinki a tsakar gidanmu da ke Unguwar Rogo. Na san ka san ni, domin hotonmu ne a bangon rahotonku na bara. Ni ce ta gefen hagu, wadda ba ta dariya.

Bara ina da ɗalibai ashirin da bakwai, 'yan mata da matan aure, duk sun haura shekara sha takwas, babu mai katin zaɓe ko ɗaya. Da aka buɗe rajista na ce sai na kai su. Wataƙila a hawa na biyu ba a san yadda ake fitar da mata ashirin da bakwai daga gidajensu a rana guda ba. Gida-gida ake bi. A durƙusa wa uba, a lallashi miji, a gaida uwar miji, a sha fura ko ciki a cike yake. Mako uku na yi ina wannan yawo. Malam Ɗayyabu mai hatsi, mahaifin ɗalibata Khaula, sau huɗu na je masa kafin ya ce, "Rana guda na ba ki, Bilki. Ki maido man ɗiyata kafin magariba, da takarda hannunta." Kafin bakin kowa ya zo ɗaya, ranar da ta rage mana ita ce ranar rufe rajista. Abin da kawai muka rasa mota, don ofishin da nisa. Ana cikin haka na ji tallanku a rediyo, na ce alhamdu lillahi.

Ga 'yan ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya, fom. Bas biyu na roƙa, na wuni ɗaya. Kuka turo mini shafi sha huɗu da Turanci ta intanet, har da tambayar ina muke hangen ƙungiyarmu nan da shekara goma. Wace ƙungiya? Mu da muke hangen bakin titi? Mode mai shagon kwamfuta ne ya cike mini, yana bugawa yana dariya shi kaɗai. Kuka amince nan take. Har yau ban san alkawarin da na ɗauka ba.

Na biyu, jami'inku Malam Saifullah, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, ya ce motoci za su fara biyawa da mu otal don ɗan gajeren bikin buɗewa na rabin awa. Ƙarfe tara muna zaune. Babban baƙo bai iso ba sai ɗaya saura, kuma da ya iso ashe wakilinsa ne. Aka tashi sallar azahar. Aka dawo, masu jawabi shida, kowanne sai da ya gaida sauran biyar ɗin da sunayensu da muƙamansu, kamar ba tare suka ci nama a ɗakin baya ba. Ranka ya daɗe, a agogon ofishinku minti nawa ne rabin awa?

Na uku, Shugaban Matasa da kuka gabatar. Allah ya ƙara masa lafiya, yana bukata. Ɗalibata Nabila ta gane shi, abokin kakanta ne.

Na huɗu, riguna. Kun raba mana riguna masu gajeren hannu, an rubuta "Matashi, Farka!" a ƙirji. Yaran nan masu tarbiyya ne, suka shiga kewaye suka sa su a ƙarƙashin hijabi, inda riga take zama. Mai hotonku ya yi tsalle ya dire, wai ba a ganin tambarin Asusu. Aka ce a ɗora riga a kan hijabi. Minti arba'in ana ja ana turawa, muka fito kamar buhunan gero da aka ɗaure a tsakiya. A cikin duk ma'aikatanku babu wanda ya taɓa ganin 'yar Sakkwato ta fita unguwa?

Na biyar, kuma nan ne zuciyata take tafasa. Kun ɗauko ƙwararre daga nesa ya karanta mana ƙasida da majigi, mai taken dalilai goma sha ɗaya da ke hana mata yin rajista. Motocinmu na waje, direbobi na barci a gindin dogon yaro, an ce musu kada su motsa sai Malam Saifullah ya sa hannu. Sau uku ina tashi in same shi, sau uku yana ce mini, "Hajiya, haƙuri kaɗan, in kun tafi kafin hoton rufewa rahoto ba zai cika ba." Da ƙwararre ya kai dalili na tara, Khaula ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, akwai na sha biyu. Muna nan zaune, can ana shirin rufe ofis." Ya ce wannan gudummawa ce mai ma'ana, a tafa mata. Aka tafa mata, ya wuce dalili na goma.

Biyar saura muka isa ofishin rajista. Ƙofa a garƙame, maigadi na alwala. Ya dube mu da rigunanmu a kan hijabi, ya ce an tashi tun ɗazu, sai kuma in an sake buɗewa.

Na mayar da kowa gida kafin magariba, wannan kam na cika. Kowacce da riga, da kwalin shinkafa, da takardar shaidar halartar bita mai zanen zinariya a gefe. Khaula ta miƙa wa mahaifinta tata. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya dube ni ya ce, "Da wagga aka yin zaɓen?" Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, sai da na yi kuka a hanyar gida. Yarinyar nan ba wani dogon buri gare ta ba. Kwalbatin layinsu ne yake cika duk damina har ruwa ya shiga ɗakin mahaifiyarta, ita kuma tana so ta samu abin da za ta riƙe a hannu ranar da masu alkawarin gyara shi suka dawo neman ƙuri'a.

Na shida, rahotonku ya ce an wayar wa mata ashirin da bakwai da kai, nasara ɗari bisa ɗari. Mun gode. Sai dai kanmu a waye muka zo da shi. Mota ce ba mu da ita.

To, yanzu an sake buɗe rajista, ni kuma na sake bin gidaje. Wannan karon mako biyar na yi, fura ma ba kowa ya ba ni ba. Gida huɗu sun ce a kai kasuwa. Saura ashirin da uku. Malam Ɗayyabu ya bari sai da na gama zuba, sannan ya ce wannan ita ce ta ƙarshe, in ɗiyarsa ta sake dawo masa da riga, to ta bar zaɓe ta bar ɗinkin gaba ɗaya. Khaula ce ta fi kowa hannu a ɗalibaina, wata uku ya rage ta kammala. Sauran gidajen sun ba mu ranar Alhamis mai zuwa. Mota ma mun samu: ƙanena Bashar, mai ɗauko albasa daga Dundaye, zai wanke bayan a-kori-kurarsa ya shimfiɗa tabarma, ya kai mu sawu biyu. Za mu yi warin albasa, amma za mu isa.

Kuskurena ɗaya, na haɗu da Malam Saifullah a kasuwa, bakina ya ƙi yin shiru. Ya yi murna ƙwarai, ya ce lallai Asusu ba zai bar mu mu kaɗai ba. Jiya sai ga takardar gayyata: zango na biyu, ranar Alhamis, ƙarfe tara, otal ɗin nan dai, domin binciko dalilin da ya sa mahalarta zangon farko ba su da katin zaɓe. Inna lillahi! Ranka ya daɗe, ga sakamakon binciken nan na rubuto maka a sama, kyauta, ba sai an kama ɗakin taro ba.

Saboda haka nake roƙonka, don girman Allah, don darajar iyayenka, kada ku taimake mu ranar Alhamis. Kada ku turo bas. Kada ku turo riga. Ku riƙe Malam Saifullah a ofis, ku ba shi shayi da wani fom ya cike. Ranar Juma'a in kuna so ku wayar mana da kai har la'asar, za mu zo da katin shaidar rajistarmu mu yi fifita da shi.

In kuma rahoto ba zai cika ba sai da hoto, mai hotonku ya same mu a layin ofishin rajista tun ƙarfe bakwai na safe. Ya tsaya daga tsallaken titi, kada ya ce kowa ta gyara tsayuwa, kada ya fitar mini da ko mutum ɗaya daga layi. Zai ga Khaula a gaba. Ni ina can ƙarshe ina ƙirga kawuna, kuma in ya yi haƙuri har ta ashirin da uku ta fito da takarda a hannu, zai samu abin da bai samu bara ba: hotona ina dariya.

Taka mai biyayya, mai durƙusawa har ƙasa, wadda ba za ta zo ba,

Bilkisu Sodangi,
Mai koyar da ɗinki,
Unguwar Rogo, Sakkwato.