Rasuwar Dakata, Mai Tambayar Wuta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar kunyar da zan faɗi dalilinta a ƙasa, ni Nassirou Mijinyawa, mai kula da ordinatocin, wato kwamfutocin, farmasinmu uku masu sayar da magani a Yantala da Talladjé da Harobanda, nake sanar da abokan aiki rasuwar Dakata. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara tara.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Dakata ƙaramin umarni ne a cikin manhajar da muke saita ordinatocin rassa da ita daga biro, wato ofishinmu. Su uku ne 'yan uwa. Ka rubuta Duba ya nuna maka abin da zai canja, ka rubuta Dakata, sannan ka rubuta Tura ya aika. Da yatsuna na haife shi, a wata bazara da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aika saiti, ordinatar Harobanda ta kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba. Tun daga ranar aikinsa ɗaya ne: ya leƙa batirin ajiyar kowane reshe, in ya ga ba zai riƙe minti goma ba, ya hana Tura motsi.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Yakan yi ƙara sau biyu, tit, tit, ya rubuta, "Wuta fa?" In ka matsa masa ya ƙara da, "Je ka sha shayi tukuna." An zage shi da Hausa, an zage shi da Zabarmanci da Faransanci, bai taɓa ramawa ba, bai kuma taɓa sassautawa ba.

Ciwon ajali ya kama shi ne da zuwan sabuwar shef ɗinmu, wato shugabarmu, Madam Hafsat. Ta ce umarni uku don aiki ɗaya wahala ce, sababbin ma'aikata ma mancewa suke da na tsakiya, a haɗe su wuri guda. Gaskiyarta ce, kowa ya yarda. Sai aka zo kan sunan da za a ba sabon. Mako uku muka yi muna taro. Cikin abokan aikinmu Habibu ya kafe sai sunan Faransanci, Abdulaye ya ce tunda a Yamai muke sai na Zabarmanci, ni kuma na tsaya a kan Aiwatar, kuma ni na ci. Jaririn maƙwabcina cikin kwana bakwai aka raɗa masa suna har da rago. Namu ko goro ba a raba ba.

Yanzu ga kunyar. Cikin makonnin nan ba wanda ya tambayi abin da Dakata ke yi, duk sun ɗauka jinkiri ne kawai sana'arsa. Ni da na sani ina can ina yaƙin suna. Ranar haɗewa Habibu ya kwashe Duba da Tura ya zuba a cikin Aiwatar, ya waiwayo ya tambaye ni ko akwai abin ɗauka a wurin na tsakiya. Ina kallon sunan da na zaɓa a allo, daɗi ya cika ni, na ce masa ya wuce kawai. Wallahi ni na kashe shi, kuma abin yana cina.

Ya rasu ya bar 'yan uwansa biyu, waɗanda ke zaune a gidan Aiwatar ba mai kiran sunansu. Ya bar yatsuna, da har yanzu suke rubuta shi in na zauna. Ya kuma bar Yahaya, mai ba da magani a Harobanda.

Yahaya ne ya fi kowa jin rashin. Jiya Laraba Aiwatar ya fita aikinsa na farko, da sauri abin sha'awa, bai tambayi kowa komai ba. Yana tsakiyar hanya aka ɗauke wuta a Harobanda, ƙetaren kogi. Tun lokacin Yahaya bai san maganin da ya rage a sito ba sai ya hau tsani ya duba da ido, layin masu takardar likita kuwa ya kai bakin titi.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a da safe a farmasin Harobanda, a bayan kanta, inda za a same ni tsugune gaban ordinatar ina tayar da ita da hannu. Mai zuwa ya ƙetare gada kafin rana ta yi zafi, ya riƙo ruwan sanyi. Kafin kowa ya tayar da motonsa, wato babur ɗinsa, don Allah ya kira Yahaya ya yi masa tambayar da babu sauran mai yin ta: wuta fa?