Ranar da Na Kai Yaya Asibiti Don In Kama Shi

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na sa wa kwankwason Yayana ido ba. Gona ɗaya muke nomawa a Toranke, wadda Baba ya bar mana. To da an ce ciyawa ta fito, sai Yaya ya dafe ƙugu, wai ciwo. Amma ranar kasuwa garau yake hawa babur (ni dai haka idona ya nuna min). Na ce a raina, wannan ciwon ya san kalanda.

Sai na yi masa dabara. "Yaya, taso in kai ka asibiti Gaya." Bawan Allah har da sa min albarka.

Kafin mu shiga, na ja likitan gashin ƙashi gefe na raɗa masa: "Likita, ka duba shi da kyau, ina zargin lalaci ne kawai."

Da muka shiga, likita ya kwantar da Yaya rigingine, ya ɗora dunduniyarsa a kan ɗaya gwiwar, ya danna. Yaya ya cije leɓe, ya nuna can ƙasan bayansa ta dama. Likita ya juya shi gefe ya danna ƙashin ƙugu, nan ma wajen Yaya ya nuna. Ya taɓa wasu wuraren, Yaya ya ce babu komai. Ni kuwa ina tsaye na harɗe hannu kamar alƙali.

"Akwai ciwo a mahaɗar ƙashin ƙugu da na baya," in ji likita.

Da na yi shiru da an rabu lafiya. Ina! Sai bakina ya ce, "Haba likita, ai wannan dannawar ko wa aka yi wa sai ya yi ƙara."

"To bismillah, hau."

Na hau gadon da niyyar in nuna masa gwajin nasa wasa ne. Ya kama gwiwata, na kurma ihu. Ya taɓa cinya, ihu. Ya ɗora hannu a ƙugu, wallahi ko dannawa bai yi ba, na ce wayyo Allah na mutu!

Likita ya cire hannu, ya dubi Yaya. "Malam, ƙaninka ya ce in duba ko lalaci ke damunka. To kai wuri ɗaya kake nunawa. Mai ƙarya kuwa, ga yadda yake yi."

Kunya ta rufe ni, na rasa ta inda zan sauko daga gadon. Yaya bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce a hankali, "Ashe abin da ya kawo mu ke nan? Ni na ɗauka tausayina ka ji."

Maimai ɗin shekarar, wato noma na biyu, ni kaɗai na yi shi, ban kuma yi ƙorafi ba. Yanzu ko yaro ne ya ce min bayansa na ciwo, sannu kawai nake ce masa.